Harsashi na shida ya shiga, kuma ya fito

'Yan'uwa masu koyon harbin gasa, albishirinku! Bututun ajiye harsasai da na ƙara wa bindigata ya fara aiki yadda nake so: harsashi 6 a ciki, ɗaya a ɗane, kuma duk sun fito bi da bi ba tare da na girgiza ta ba. Wallahi daɗin da na ji sai wanda ya sha irin wannan wahalar zai gane.

Bindigar tsohuwar Remington 870 ce, irin wadda ake ɗana ta da famfo, wato mariƙin gaba da ake ja baya a tura gaba, geji 12 (ma'aunin faɗin ramin hancinta), mai hanci inci 18.5, wadda asali take ɗaukar 4. A filin da muke atisaye a nan Texas kowa ya ba ni shawarar in sayi ƙari mai tsawo, mai ƙara harsashi 5 ko 6. Na ƙi. Ƙarin guda 2 shi ne yake tsayawa daidai da bakin wannan hancin. Wanda ya zarce baki hayaƙin albarushi yana baƙanta shi, yana karo da ganguna da shingayen fili, kuma idan ya cika sai gaban bindiga ya yi nauyi, juyawa daga wannan farantin da ake harbi zuwa wancan ta zama aiki. Mai hanci inci 26 ko 28 yana iya ɗaukar dogo, babu laifi.

Kafin ku biya kuɗi, ku kwance murfi ku leƙa cikin bututunku. Yawancin 870 Express na baya-bayan nan suna da 'yan ƙusoshi biyu da aka lotsa ciki don riƙe sifirin, kuma harsashi ba ya wuce su sai maƙerin bindiga ya gyara wurin. Tawa ba ta da su. Bindigar Mossberg 500 kuwa gaban bututunta a toshe yake, don a nan ake ɗaure hanci, shi ya sa irin wannan ƙarin ba ya hawa kanta, ba kamar Mossberg 590 ba.

To, ga inda na sha fama. Kayan sun zo da doguwar sifirin wadda kai ne za ka yanke daidai da bututunka. Da na sa ta yadda ta zo, 5 suka shiga, na shida ya ƙi, ko da na danna har babban yatsana ya yi ja. Sifirin ta gama naɗewa ke nan, zobe ya hau kan zobe, babu sauran wuri. Na riƙa rage ta kaɗan-kaɗan, ina gwadawa da harsasan gwaji marasa albarushi, don ba na shigo da mai rai ɗakin aiki. Na shida ya shiga. Amma da na je fili sai wata sabuwa ta ɓullo: na ƙarshe yana fitowa a sanyaye, wani lokaci ya tsaya rabi a bakin bututu, ka ja famfo ka tura ka ji kunama ta faɗa kan wofi. A tsakiyar zagaye, agogo na tafiya, wannan abu yana ƙona rai ƙwarai.

Kowa ya ce sifirin ta yi gajarta. Na sayo wata, na bar ta da tsawo. Matsalar ta ragu amma ba ta tafi ba. Na canza ƙoƙon da ke tura harsashi zuwa na ƙarfe mai santsi. Haka dai. Bututun kansa kusan dala 90 na saye shi, amma waɗannan ƙananan sayayya da kuɗin aikowa sun kusa kamo shi, kuma sun yi mini ciwo fiye da shi.

Abin da ya warware zancen shi ne na cire sifirin gaba ɗaya, na jefa ƙoƙon shi kaɗai, na karkata bindigar ina saurara. Ya kamata ya zame daga wannan ƙarshe zuwa wancan ya buga ƙas. Sai na ji yana jan ƙafa a wuri ɗaya, daidai inda ƙarfen da ke haɗe bututu da hanci ya kama. Ashe matsin nan, idan ya ɗauru tamau, yana ɗan karkatar da bututun daga layinsa. Ido ba ya ganin karkatar, amma ta isa ta cinye ƙarfin sifirin. Na sassauta shi, na sake ɗaura bututun da hannu kawai, na matsar da ƙarfen gaba kaɗan, sannan na ɗaure shi a hankali, ina sake jefa ƙoƙon bayan kowane juyi na sukurudireba. Na ɗiga maganin hana noti kwancewa. Shi ke nan, ƙoƙo ya riƙa zamewa sumul.

Ku kuma lura da harsasanku. Inci 2¾ da ke jikin kwali tsawon kwanso ne bayan an harba, shi ya sa na wani kamfani kan ɗan fi na wani tsawo kafin harbi, kuma a kan guda 6 bambancin yana taruwa. Da irin da za ku shiga gasa da shi za ku auna.

Lokacin farautar agwagwa zan mayar da murfin asali da sandar toshiya, tunda dokar tarayyar Amurka ba ta yarda bindiga ta ɗauki fiye da 3 ba a kan tsuntsaye masu ƙaura. Kafin nan sai na koma gwada saiti kan takarda a yadi 50 da harsashin dunƙule, wato mai dalma guda ɗaya, domin ƙarfen matsi kan canza inda yake sauka, ni kuma na taɓa nawa.