Naira ɗari kan kowane shafi: abin da kyauta ke yi wa haddar yaro

Iyaye da yawa sun ɗauki wata dabara: duk shafin da yaro ya haddace a ba shi naira ɗari, ko a ce in ya kai izu goma za a saya masa keke. Makonnin farko abin sai son barka. Yaron da a da sai an yi faɗa yake buɗe Alƙur'ani, yanzu shi ke tashi da asuba da kansa. Matsalar takan ɓullo daga baya, kuma a wajen tilawa take fara bayyana.

Dalilin a fili yake. Sabon shafi ake biya, tsohon ba ya kawo ko kwabo. Yaro ba wawa ba ne, zai zuba ƙarfinsa inda kuɗin yake. Sai ya cusa shafi a kai da daddare, ya biya da safe, ya karɓi abinsa, bayan mako guda a ja masa baki a wannan shafin ya tsaya cak. Mus'hafin Madina shafi 604 ne, kusan kowanne layi 15. Mai ɗaukar shafi ɗaya kullum zai kai ƙarshe cikin wata 20, amma in babu maimaici, kafin ya kai rabi farkon ya zube. Hadisi ma ya faɗa cewa Alƙur'ani ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa.

Akwai ɓarna ta biyu wadda ta fi wannan wuyar gyara. A 1973 Mark Lepper, masanin halayyar ɗan Adam, da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da yaran raino a Jami'ar Stanford ta Amurka, yaran da dama can suna son zane. Aka kasa su uku. Kashi na farko an yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, na biyu an ba su takardar ba zato bayan sun gama, na uku ba a ba su komai ba. Da aka sake ajiye musu kayan zane bayan kwanaki ba tare da wata kyauta ba, waɗanda aka yi wa alkawari lokacin da suka ba zanen bai wuce kusan rabin na sauran ba. Waɗanda kyauta ta zo musu ba zato kuwa sha'awarsu ba ta ragu ba. Ashe alkawarin ne ya mayar da abin so ya zama aikin lada.

Edward Deci da Richard Ryan, waɗanda suka daɗe suna bincike a kan wannan a Jami'ar Rochester ta Amurka, sun ce himmar da ke fitowa daga zuciyar mutum abu uku ke ciyar da ita: ya ji yana da zaɓi, ya ga yana ƙwarewa, ya ji yana tare da mutanen da suka damu da shi.

A wajen hadda, ƙwarewa ita ce aka fi sakaci da ita. Yaron da ake ɗora wa shafi guda alhali ƙarfinsa layi biyar ne, kullum faɗuwa yake gani, kuma babu mai son abin da ke kunyata shi kullum. A rage masa zuwa abin da zai iya biyawa da kuskure ɗaya ko biyu, a tsaya a nan mako biyu kafin a ƙara layi biyu. A sa tilawar kwana bakwai na baya ta riga sabon karatu, in ba ta zauna ba a dakatar da ƙari ranar. Yabo kuma ya zama na abin da ya yi: "Yau maddinka ya fita daidai" ya fi "kai haziƙi ne" amfani nesa ba kusa ba, domin na farko yana nuna masa abin da zai sake yi gobe.

Zaɓi ba ya nufin a bar shi ya ce ba zai yi ba. A bar shi ya zaɓi lokaci, bayan asuba ko bayan magariba, da makarancin da zai riƙa saurare. Sannan a sama masa abokin tilawa, ko uba ya zauna ya riƙe masa mus'hafi ko da minti goma ne.

Ba a ce a daina kyauta ba. Yaron da ba shi da sha'awa ko kaɗan, kyauta na iya jawo shi ya fara, tunda babu abin da za ta kashe. Musabaƙa ma ta zaburar da ɗalibai masu yawa. Amma in za a yi alkawari, a ɗaura shi a kan izun da ya zauna, wanda malami zai ja baki daga ko'ina yaro ya ɗora, ba a kan sabon shafi ba. Wanda ya riga ya saba wa ɗansa da kuɗin kullum kada ya yanke rana ɗaya, don yaron zai ɗauka hukunci ne. A mayar da shi na mako, sannan na ƙarshen kowane izu, daga nan sai ya koma kyautar da ke zuwa ba tare da an sanar ba.