Goggo ta iso daga Maraɗi

Yau da hantsi goggo ta iso daga Maraɗi ta Magamar Jibiya, ko ruwa bata gama sha ba ta kwance bakin zaninta, sai ga sefa da naira a ƙulle wuri ɗaya duk sun yamutse, tace min "ungo ɗana ka ƙirga min, ni duk kuɗin gida ne a wurina." Wallahi sai naji wani abu ya tokare min maƙoshi, na tuna 2023 da sojoji suka kifar da Bazoum shugaban Nijar, ECOWAS ta saka takunkumi aka rufe boda aka yanke musu wuta, a cikin watannin nan mijinta ya rasu, Allah ya jiƙansa, tafiyar da bata kai awa biyu ba amma ta waya muka yi mata gaisuwa tana kuka layi yana yankewa.

Yanzu Nijar ta fita daga ECOWAS ita da Mali da Burkina, manya dai suna ta nasu zaman. Ni burina goggo tana da rai jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi ya fara aiki, in je tasha in tarbe ta.