Sana'armu Zama da Malami Kafin Ya Shiga Aji

Ɗan ƙaramin kamfani gare ni a Kano, ni da abokan aiki ƙalilan, dukkanmu mun sha ƙurar alli kafin mu fito mu kafa namu. Makarantu masu zaman kansu da Islamiyyun da ke haɗawa da boko su ne abokan cinikinmu. Aikinmu shi ne mu zauna da malamansu mu tsara abin da za a koyar a zangon karatu, mako bi mako, darasi bi darasi, sannan mu bi su har aji mu ga ko abin da aka tsara ya shiga kan yara.

Manhajar karatu ba tamu ba ce. Hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, NERDC, ce ke fitar da ita ga ƙasa baki ɗaya, ta ɗauki shekara 9, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Sai dai manhaja iyakarta ta ce ga abin da za a koyar. Ba ta san ajin da yara suka cika maƙil har wasu na zaune a ƙasa ba, ba ta san ɗan aji huɗun da har yanzu bai haɗa baƙi da wasali ba. Tsakanin wannan takarda da wannan yaro akwai tafiya mai nisa, kuma a nan muke neman abincinmu.

Kowace makaranta muka shiga, akwai littafin shirin darasi, wanda malamai ke kira lesin not. Nakan karɓa in buɗe. Rubutu tsaf, an ja layi da rula, ga sa hannun hedimasta da jan biro a ƙasan kowane shafi. Amma da yawa kwafowa aka yi daga littafin malamin da ya riƙe ajin bara, ko aka turo ta WhatsApp, aka zauna daren Lahadi aka juye. Don hedimasta da masu duba makarantu aka rubuta shi. In an shiga aji sai a ajiye shi a kan tebur, a cika allo da rubutu, a ce yara su kwafa. Ban ga laifin malamin ba ƙwarai. Mai takardar shaidar malanta ta NCE ya san sunayen sassan darasi tun daga kwaleji, abin da ba a zauna an yi tare da shi ba shi ne yadda zai yi tunanin darasin da yaransa a gabansa.

Mu daga ƙarshe muke farawa. Tambayar farko ga malami: in an kaɗa ƙararrawa, me yaron nan zai iya yi da hannunsa ko bakinsa wanda ɗazu bai iya ba? In ya rubuta "yara su fahimci ɗebewa" sai mu mayar masa, domin fahimta ba a ganinta da ido. Ya rubuta "yaro zai ɗebe lamba mai gida biyu daga wata, har da inda ake aro". Daga nan, kafin ya taɓa maganar yadda zai koyar, sai ya rubuta tambayoyin da zai auna su da su a ƙarshe. Sannan mu tambaya: yanzu ina yaran suke? Sai an amsa waɗannan ake maganar kayan koyarwa da yadda za a raba minti 35 ko 40 ɗin nan.

Ba mu muka ƙirƙiro wannan ba. Tun 1949 wani masani a Jami'ar Shikago ta Amurka, Ralph Tyler, ya jera tambayoyi huɗu: manufa, abin da ɗalibi zai yi don ya kai gare ta, yadda za a jera abubuwan, da yadda za a gane an kai. A 1975 kuma Jami'ar Jihar Fulorida ta tsara wa sojojin Amurka matakai biyar na shirya horo: nazarin buƙata, zayyana tsari, haɗa kayan aiki, aiwatarwa, da aunawa. Nakan faɗa wa malamai wannan a wajen bita, amma abin da ya fi sa su gyara zama shi ne in na tuna musu makarantar allo. Malamin tsangaya ya san inda kowane almajiri ya tsaya, yana yi masa ƙari daidai ƙarfinsa, kuma ba a wanke allo sai an biya. Wanda ya tashi a wannan tsari bai kamata ya yarda a wuce zuwa babi na gaba alhali rabin aji ba su riƙe na baya ba.

Ga yadda abin yake a aikace. Wata malamar aji uku ta kawo mana kuka cewa ta koyar da ɗebewa har ta gaji, yara ba sa ɗauka. Muka ce ta ba su 52 a ɗebe 27, ta tattaro mana takardun. Da yawa sun rubuta 35. Ba shirme suka yi ba, akwai hanyar da suka bi: sun ga 2 a sama 7 a ƙasa, suka ɗebe ƙaramin daga babba suka sami 5, suka ɗebe 2 daga 5 suka sami 3. Ashe matsalar tana baya da ɗebewa, yaran ba su san 5 ɗin da ke cikin 52 goma sau biyar ne, wato hamsin, ba. Sai muka ajiye darasin makon muka tsara wani. Aka sa yara suka kawo tsinken tsintsiya, aka ɗaure goma-goma da roba. Kowane rukuni ya ajiye ƙulli biyar da tsinke biyu. Malama ta ce a ba ta bakwai daga warwararrun. Babu. Shiru na ɗan lokaci, sai wata yarinya ta kai hannu ta kwance ƙulli ɗaya, warwararru suka zama goma sha biyu, ƙulli ya koma huɗu. Aka cire bakwai, aka cire ƙulli biyu, ga 25 a kan benci kowa na gani. Sai bayan wannan malamar ta koma allo ta nuna yadda ake rubuta aron. Da Hausa aka yi bayanin duka, sannan aka ba su kalmomin Turanci da za su tarar a jarrabawa. A kan wannan ba na sassauci: yaro ba ya koyon lissafi da harshen da bai ji ba.

Ta fuskar ciniki kuwa, sana'a ce mai kaka da rani. Dogon hutu, daga Agusta zuwa shigowar Satumba, ba mu da sukuni, kowace makaranta na son a yi mata bita kafin a dawo. Tsakiyar zango kuma aikin zagaye ne, a zauna a bayan aji da ɗan littafi, bayan an tashi a keɓe da malami a tattauna. Kuɗi ba ya zuwa sai iyaye sun biya kuɗin makaranta, saboda haka kashi-kashi muke karɓa, kuma dole mai wannan sana'a ya iya haƙurin bin bashi ba tare da ya ɓata da mutane ba.

Cinikin da muka fi yawan rasawa shi ne na mai makarantar da zai ce, "Malam, ku dai buga mana lesin not na shekara gaba ɗaya mu raba wa malamai, nawa ne?" Nakan ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, takarda ba ta da tsada, a bakin titi ma za a buga maka. Amma wanda bai san yaranka ba ne zai rubuta ta, kuma malamin da bai sa hannu a shirinta ba ba zai koyar da ita ba." Wasu su gane, wasu su tafi inda ya fi araha. Yana yi mini ciwo, don na san yaran da za su zauna a azuzuwan nan.

Abin da ya fi wannan damuna shi ne tafiyar malamai. Albashi a yawancin ƙananan makarantu bai taka kara ya karya ba, sai ka gama horar da malama ta ƙware, zango na gaba ka tarar ta samu wani wuri ko ta yi aure ta bar unguwar. Shi ya sa yanzu ba ma karɓar aiki sai da sharaɗin hedimasta zai zauna a bitar daga farko har ƙarshe, kuma a ware awa ɗaya kowane mako malaman kowane aji su haɗu su shirya darasin mako mai zuwa da takardun yara a gabansu. Kowane darasi muna barin fili a ƙasansa inda malami zai rubuta abin da ya faru: su wa suka iya, su wa suka rage, me za a maimaita. Wannan fayil mallakar makaranta ne, yana zama a ofishin hedimasta, kuma shi ake fara miƙa wa sabon malami ranar da ya kama aiki.