Asabar, ranar da keken Gwaggo ya tashi

Yau hazo ya rufe Tudun Wada tun asuba, ko gidan da ke tsallaken titi ba a hangowa sosai. Da hantsi Yaya ya turo yara da mai Napep suka sauke mini keken ɗinkin Gwaggo, Allah ya jiƙanta. Butterfly ne baƙi, na takawa da ƙafa, wanda mijinta ya saya mata lokacin yana aiki a masaƙa a Kakuri. Ya daɗe lulluɓe da tsohon zani a kusurwar ɗaki. A aljihun teburinsa na tarar da kwarkwaro (wanda ake naɗa zaren ƙasa a kai), ɗan sukundireba da guntun alli. Littafin da ya zo da shi kuwa babu shi babu labarinsa.

Ni a keken lantarki na koyi ɗinki, wanda aka zana masa kibiyoyi da lambobi a jiki, kana bi kana sa zare. Wannan ba komai a jikinsa sai adon ruwan gwal da ya fara gogewa.

Da na juya tayar hannu sai na ji ta da nauyi. Tsohon mai ne ya daskare ya haɗu da ƙura. Na ɗiga kananzir a ƴan ramukan da ke samansa, na kwantar da kan keken na ɗiga a gaɓoɓin ƙasa, na yi ta juyawa har ya saki, na goge, sannan na bi da man keke. Man gyaɗa ko baƙin mai ba sa wannan aikin, su ne ma ke kashe kekuna da yawa a gidaje. Na kwance farantin da ke ƙarƙashin allura, na tone audugar da ta cushe tsakanin haƙora har ta yi tauri.

Sa zaren ne ya zaunar da ni. Na matso da keken bakin taga na ƙura masa ido, sai na ga abin da ya sa ƙirjina ya yi nauyi: duk inda zare ya saba bi, ƙarfen ya yi sul yana ƙyalli. Shekarun ɗinkin Gwaggo ne suka bar wannan sawu. Na bi shi daga sandar da ake ɗora zare, ya ratsa ɗan tsagin sama, ya sauko tsakanin faifai biyu na tenshan masu matse zare, ya kama siririyar wayar nan mai motsi, ya hau cikin idon ƙarfen da ke hawa da sauka, ya sake saukowa ta ƙugiyar gefe zuwa wadda ke saman allura. Babu maƙalin da aka yi don ado, kowanne yana jiran zare.

Allurar da ke ciki ta yi tsatsa, don haka na ɗauko sabuwa mai lamba 16 na leƙa shagon Baba tela da ke jikin gidanmu.

"Baba, ina wuni. Wannan ta wane gefe take kallo?"

Ya karɓa ya miƙo mini. "Ƴata, sa farcenki ki shafa. Kin ji dogon kwari a gefe ɗaya? Ta nan zare yake shiga, a kowane keke. Naki kwarin ya kalli hagu, shafaffen gefen ya kalli dama, ki zura daga hagu zuwa dama. Ki tura ta sama har ta tokare kafin ki ɗaure."

Ya ƙara da cewa in aka juya ta, keke zai yi ta tsallake ko ya ƙi ɗauko zaren ƙasa sam, mutum ya ɗauka ya lalace. Akwai wasu tsofaffin Singer da ake zura musu daga dama, shi ya sa shafa kwarin ya fi haddace gefe.

Na dawo na sa kwarkwaro a ƙoshiya, wato ɗan gidansa na ƙarfe, na tura har ta ce ƙas, na riƙe zaren sama na juyo tayar ta wajena, sai ga na ƙasa ya leƙo. Na gwada a ƙyallen atamfa. Sama lafiya lau, amma da na juya bayan ƙyallen, zare ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu.

A nan ne mutane ke garzayawa su murɗa ɗan sukurun ƙoshiya, tunda a ƙasa ɓarnar ta fito. Ni ban yarda da wannan ba. Cukurkuɗewar ƙasa yawanci zaren sama ne ya yi sako-sako. Na riƙe ƙoshiyar ta zarenta na ɗan girgiza, ta sauko kaɗan ta tsaya, alamar ba ta da laifi. Sai na ɗaga takalmin keken da ke danne yadi, domin ɗaga shi ne ke buɗe faifan tenshan, na zura tsumma mai tsabta tsakaninsu. Wani dunƙulen tsohon zare ja ya fito, shi ya hana su matsewa. Na sake sa zare takalmin yana sama, na sauke, na taka.

Ɗinki ya fito sumul, gaba da baya iri ɗaya, ƙullin ya ɓuya a tsakiyar yadi. Na yi ta cewa alhamdulillahi ni kaɗai a ɗaki.

Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne irin wannan keke, da ake ƙerawa a Shanghai ta ƙasar Sin, an yi shi ne a kan tsarin Singer mai lamba 15, wanda ya fito tun ƙarshen ƙarni na 19. Don haka kwarkwaronsa da ƙoshiyarsa da allurarsa ba sa wuyar samu a kasuwa.

Kafin magariba na kalmashe hijabin makarantar ƙaramar. Bel ɗin fatar dai ya saki, yana zamewa in yadi ya yi kauri. Na yanke kaɗan na sake maƙala wayarsa, amma ya tsattsage, ba zai yi nisa ba. Jibi Litinin in Allah ya kai mu zan shiga Kasuwar Barci in nemo sabo, da allura lamba 18 saboda wandunan yaran.