Dodon da na ɓoye a durowa

Shagona a saman bene yake, ɗaki biyu da 'yar baranda. Da gem na fara, talabijin huɗu da PlayStation, samari suna buga ƙwallo suna yi wa juna tsiya har sha ɗayan dare. Daga baya na zuba tebura a ɗaki na biyu, na kawo dara da lido da Scrabble, ana shan shayi da zoɓo. Akwai wani dogon tebur a ƙurya mai cin mutum shida. Shi ya fi ba ni wahala, shi ya fi kawo ɗan kuɗi kaɗan, kuma a kansa nake kwana nake tashi, har uwargida takan ce teburin nan kishiyarta ce.

A kansa muke yin wasan Dungeons & Dragons. Na koye shi ne lokacin kullen korona a 2020, ta intanet, wurin wasu mutane da har yau ban taɓa ganinsu ido da ido ba. Wasan Amurkawa ne. Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a 1974, daga wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva a jihar Wisconsin, ƙarƙashin kamfanin TSR. Kamfanin ya daɗe da shiga hannun Wizards of the Coast, tun 1997, amma tsofaffin littattafansa suna nan ana sayarwa, kuma su na fi so.

Duk wanda ya fara leƙowa ya ga muna jefa 'ya'yan lido, abu ɗaya ke zuwa masa a rai. Wata Asabar sai ga mahaifin wani yaro daga cikin masu zuwa, ya hawo benen yana haki, carbi a hannu. An gaya masa ɗansa ya shiga caca. Na tashi na ba shi kujerata, na ce, "Baba, bismillah, ka zauna ka gani da idonka, in ka ga kwabo ya gilma a teburin nan ka rufe shagon da kanka." Ya zauna, bai ce uffan ba. Ya ga kowa da takardarsa da fensir: wannan mayaƙi ne, wancan ɓarawo, waccan mai sihiri. Ya ji ni ina cewa, "Kun iso bakin wata ƙofar dutse, iska mai sanyi tana fitowa ta ƙasanta. Me za ku yi?" Ya ji ɗansa ya ce zai kasa kunne, na ce ya jefa, ya jefa, na duba lambar na ce bai ji komai ba. Ya ɗauki ɗan lidon nan mai fuska 20 yana jujjuyawa, ya ɗauki mai 4 da mai 8 da mai 12. Can ya ce, "Ashe tatsuniya kuke yi da lissafi." Har yau ban sami bayanin da ya fi wannan ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini, kuma da ma muna kansa: in an kira salla a ajiye fensir.

Aikina a teburin shi ne ba da labarin. Ni ne duniyar, ni ne duk wanda suka haɗu da shi a hanya, ni ne alƙali. Da Hausa nake yi, kuma teburin ya ƙirƙiro kalmominsa. Lambar da ke nuna ƙarfin ran mutum "jini" suke ce mata, sai ka ji ana cewa, "Yaya, jinina saura biyu, ku rufa mini asiri."

Labarin da na fi yawan gudanarwa shi ne The Lost City, wanda Tom Moldvay ya rubuta, TSR ta buga a 1982 da lambar B4. Don sababbin 'yan wasa aka yi shi, daga mataki na 1 zuwa na 3 na ƙarfin ɗan wasa, kuma a matakin farko mai sihiri dabara ɗaya tak gare shi a rana, jininsa da wuya ya wuce huɗu. Farkonsa yana shiga ran mutanenmu ba tare da na sha wahala ba: kuna cikin ayari a hamada, guguwar rairayi ta raba ku da sauran, ruwa ya ƙare. Ba wanda nake yi wa bayanin ƙishirwa. Sai ku hango dala mai hawa hawa ta leƙo daga cikin yashi, da gumaka uku na tagulla a samanta. Ba jarunta ke shigar da ku ciki ba, neman ruwa ne.

A ƙarƙashin dalar akwai abin da ya rage na birnin Cynidicea. Birni ne da ya yi zamani da arziki da noman rani. Wurin haƙa ne ma'aikata suka faɗa kan makwancin wata halitta, Zargon, aka yi aka yi a kashe shi abin ya gagara, sai masu mulki suka ga mafita ita ce a riƙa miƙa masa fursunoni yana ci. Sannu a hankali ciyarwa ta koma bauta. Mutane suka faɗa giya da kayan maye, aka bar magudanan ruwa suka toshe, sojoji suka lalace, maƙiya suka zo suka share birnin. Waɗanda suka tsira suka gangara ƙarƙashin ƙasa, kuma jikokinsu na can, fatarsu ta koɗe, gashinsu fari, kowa sanye da fuskar aro ta dabba ko ta tsuntsu, suna yawo cikin mafarki ido biyu. Ƙungiyoyi uku ne suka rage da ɗan hankalinsu, mabiya Gorm da Usamigaras da Madarua, dukkansu suna son ceto birnin, kuma ba mai iya zama inuwa ɗaya da ɗan'uwansa. Wannan ɓangaren kam ba sai na ƙara gishiri ba, duk wanda ya taɓa shiga kwamitin unguwa ya san su.

Moldvay ya tsara hawa biyar na sama ɗaki bayan ɗaki. Na ƙasa da birnin kansa zayyana kawai ya yi, ya bar wa mai ba da labari ya cike. Wasu suna ganin gajartawa ce. Ni a nan nake cin abincina. Kwali nake saya a shagon kayan makaranta, in zana taswira da maka, in yanka ta ɗaki ɗaki, ina ajiye wa 'yan wasa gutsure guda sai sun buɗe ƙofa. Zama ɗaya na awa huɗu yakan ci mini dare biyu na shiri, kuma kuɗin kujera biyar ba ya kai abin da talabijin ɗaya ke kawowa a yammacin da ake babban wasa. Abin da ke riƙe teburin shi ne masu zamansa ba sa fashi. Mai gem yau yana nan gobe ya koma shagon gaba, amma wanda ya bar ɓarawonsa rataye da igiya a bakin rami dole ya dawo Asabar mai zuwa, kuma da aboki zai zo, kuma za su sha shayi.

Rukunin farko da na kai cikin dalar, wata ɗaliba a cikinsu tana jin labarin Zargon ta ce, "Af, macijin Kusugu ne. Ina Bayajidda?" Aka yi dariya, kuma tana da gaskiya ta wani gefen: ga abu a cikin rami ya addabi gari, ga baƙi sun zo daga nesa da takobi. Amma a Daura baƙon ya sare kan macijin, gari ya sami ruwa, aka ɗaura aure. Dodon tatsuniyarmu ma haka yake, yana da girma yana da haɗama, amma yana magana, ana yi masa wayo, Gizo ya sha damfarar sa. Zargon ba ya cikin wannan dangin. Ko an kashe shi, ƙahon da ke goshinsa zai sake tsiro da shi, sai fa in an jefa ƙahon cikin narkakken dutse. Kuma ko an yi hakan, mutanen nan masu fuskokin aro suna nan yadda suke, ba su aiko a cece su ba.

Irin wannan tsoro yana da asali a adabin Amurka. H. P. Lovecraft, mutumin Providence da ya mutu a 1937, shi aka fi jingina wa shi: halittu da suka girmi ɗan Adam da tarihinsa, ba ƙin sa suke yi ba, ba su ma san da shi ba, kamar yadda mai tafiya bai san tururuwar da ya taka ba. Gygax ya sa sunansa cikin jerin marubutan da suka yi tasiri a wasan a littafinsa na 1979, kuma a 1981 kamfanin Chaosium ya fitar da wasa sukutum a kan labaransa, inda hankalin ɗan wasa yake da lamba, yana raguwa duk lokacin da ya ga abin da bai kamata ya gani ba. Ba na ɓoye wa masu zuwa shagona cewa Lovecraft ɗin nan ya tsani baƙar fata, a rubuce take ba zargi ba ne. Da ya hawo benena da bai zauna ba. Dabararsa na ɗauka na bar masa halinsa. Haka kuma nakan faɗa tun ranar farko cewa gumakan cikin labarin ƙirƙira ce, kamar Gizo da Ƙoƙi, kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ga teburin dara can. Mutum biyu sun tashi sun koma dara, har yau muna gaisawa.

Kuskuren da na yi da rukunin farko, kuɗi na kashe na sayo shi. Na sami wani yaro da ya karanta sassaƙa, na karanta masa siffar Zargon: kai irin na ƙadangare, ƙaho guda, hannaye shida kamar igiyoyi masu farata, wasu shida a madadin ƙafafu. Ya yi mini shi da yumɓu, ya shafa fenti, ya yi kyau ƙwarai, tsayinsa ya kai kwalbar lemo. Na kasa haƙuri. Tun suna hawa na uku, wani firist na Zargon yana ba su labari, sai na zaro shi na dangwarar a tsakiyar tebur. Aka yi shiru na daƙiƙa biyu. Sai wani ya ce, "Oga, wannan ai rogo ne aka tumɓuke da saiwarsa." Shi ke nan. Daga ranar sunansa Rogo. Aka ɗauke shi hoto, aka ɗora masa hular wani, kuma duk lokacin da na sassauta murya zan ambaci abin da ke ƙasa, sai wani ya ce a kawo ƙuli da yaji. Wata biyu na gini suka rushe a minti ɗaya. Sun ji daɗin wasan, ban ce ba su ji ba, amma wasan barkwanci suka ƙarasa.

Rukuni na biyu ban nuna musu komai ba. Sunan ma ba su ji shi ba sai a zama na uku. Abin da na ba su ƙanana ne. Bango mai danshi a tsakiyar hamada. Wata majina a kan matakala da ba ta bushewa. Wani mutum da fuskar zakara yana share ɗakin da ba ƙura, ya gaishe su cikin ladabi, ya tambaye su ko sun ga rana, wai kakarsa ta ce akwai wani abu mai wannan suna, ya yi dariya ya ci gaba da shara. Wannan ba ya cikin littafin, nawa ne.

Sai ranar da suka ga jerin gwano. Firistoci a gaba, a tsakiya wata yarinya da fuskar barewa, ba ɗauri a hannunta, ba mai jan ta. A baya wata mata tana rangaɗa guɗa. 'Yan wasana suka yi abin da kowa zai yi, suka zare takubba, suka yi nasara da kyar, mayaƙinsu jininsa saura ɗaya. Mai sihirin ta ce za ta cire wa yarinyar fuskar. Na ce ta cire. Ta ce, "Me na gani?" Na ce yarinya ce 'yar kamar shekara sha biyu, tana kallonki, ranta a ɓace. Na canza murya na ce, "Yau ne fa ranata. Shekara uku ina jira." Matar da ke guɗa uwarta ce, ta durƙusa tana roƙon su da su mayar mata da 'yarta kan hanya kada layinsu ya wuce.

Ba wanda ya taɓa ɗan lido. Shayin wani ya huce a gabansa. Daga ɗaya ɗakin ana jin ihu an ci ƙwallo, nan kuwa ko tari babu. Wanda yake riƙe da ɓarawo, mutum mai surutu kamar rediyo, ya ajiye fensir ya ce, "Yaya, to yanzu wa muka ceta?" Na ce ni ban sani ba, me za ku yi? Suka yi minti arba'in suna gardama a tsakaninsu, ban sa baki ba. Rabi suka ce a ɗauke ta da ƙarfi a fita da ita, rabi suka ce fita ina, hamada ce a sama kuma ita ba ta taɓa ganin haske ba. Aka kira isha'i ba su gama ba.

Wata bakwai ke nan suna cikin dalar. Sun sasanta biyu daga cikin ƙungiyoyin nan uku, ta ukun ta ci amanarsu, yarinyar tana tare da su kuma har yanzu ba ta yafe musu ba. Sun san akwai wani ɗaki a can ƙasan ƙasa, sun san hanyarsa, sau biyu suna isa bakin matakalar suna samun dalilin juyawa. Makon jiya mai sihirin ta tsaya biyan kuɗi a kanta, na jawo durowa zan ba ta canji, sai na tuna abin da ke ciki na yi maza na tura ta da gwiwa. Rogo na nan kwance a kan rasitan janareta, ƙahonsa ya ɗan ɓantare. Ta ce, "Me kake ɓoyewa?" Na ce ba komai, ta zo da canji ranar Asabar.