Abin da na gani kuma na koya a tsibirin Sao Tome

Yawancin hotunan Sao Tome da ake yaɗawa a intanet na bakin teku ne, wato itatuwan kwakwa da yashi da shuɗin ruwa, amma bayan na je na zagaya tsibirin a watan Janairu, na gamsu cewa duk baƙon da ya ƙare ziyararsa a gaɓar teku bai ga ko rabin abin da ke wurin ba. Tsibirin yana cikin mashigin tekun Gini, kimanin kilomita 250 daga gaɓar Gabon, kuma shi kansa dutse ne mai aman wuta da ya taso daga ƙarƙashin teku, ko da yake wutarsa ta mutu tun zamani mai nisa. Yana cikin jerin duwatsun da ya faro daga tsibirin Annobon, ya bi ta Principe da Bioko, ya hau tudu a Dutsen Kamaru, har reshensa ya kai tsaunukan Biu a jihar Borno. Wannan asali shi ya ba tsibirin surarsa da ruwan samansa da ƙasarsa mai albarka, kuma a kan ƙasar nan aka gina tarihinsa mai ɗaci.

Abin da zan sa a gaba ga kowane baƙo mai ƙoshin lafiya shi ne tafiya a ƙasa zuwa Lagoa Amelia, tafkin da ke tsohon bakin dutsen mai aman wuta a cikin gandun dajin Obo, wanda aka kafa a shekarar 2006. Ana farawa daga lambun tsirrai na Bom Sucesso, wanda ke tudu mai tsayin fiye da mita 1,000, kuma a nan ake ɗaukar ɗan jagora. Da farko hanya takan ratsa gonakin kayan lambu da ayaba, sannan ta shige cikin kurmi mai duhu inda gansakuka ta lulluɓe kowane kututture, hazo kuma yana shiga yana fita tsakanin itatuwa. Hawan ya ɗauke mu kusan awa biyu. Da muka gangara cikin bakin dutsen ban ga buɗaɗɗen ruwa ba, sai fili mai ciyawa, domin tsirrai sun saƙu sun rufe tafkin gaba ɗaya. Na taka a hankali, ƙasa ta lotsa ƙarƙashin ƙafata kamar katifa, ruwa mai sanyi ya tsattsafo ta gefen takalmina. Ɗan jagoran ya ɗauko wata doguwar gora da ta ninka tsayinsa, ya soka ta cikin ciyawar, ta nutse duka ba ta taɓa ƙasa ba. Daga nan ya nuna mini inda zan sa ƙafa da inda ba zan sa ba, na kuwa bi umarninsa sau da ƙafa.

Ba na ganin hikima a shiga wannan daji ba tare da ɗan gari ba, ko da wayar mutum tana ɗauke da taswira. Hanyoyin suna rarrabuwa ba tare da alama ba, laka tana da santsi ko a ranar da ba a yi ruwa ba, kuma akwai baƙin kumurci mai dafi a kurmin. Bayan haka, ƙasar Sao Tome da Principe, wadda tsibirin ke cikinta, tana da nau'in tsuntsaye fiye da 20 waɗanda ba a samun su a ko'ina a duniya sai can, kuma da kunne ɗan jagora ke gane su kafin ido ya gan su. Takalmi mai kama ƙasa da rigar ruwa su ne kayan da suka fi yi mini amfani. Tafiyar sassafe ta fi, domin gajimare kan taru a kan duwatsun idan rana ta yi tsaka.

Daga dutse na sauko zuwa tsofaffin manyan gonaki, waɗanda mutanen wurin ke kira roça, kuma a nan na fi daɗewa. Turawan Fotugal sun iso tsibirin wajajen shekarar 1470, suka tarar babu kowa a cikinsa, suka kawo bayi daga gaɓar Afirka suka soma noman rake. A 1595 wani bawa mai suna Amador ya jagoranci babban bore, kuma har yau ana girmama shi a matsayin gwarzon ƙasa. A ƙarni na 19 aka shigo da gahawa da koko, ƙasar dutsen ta karɓe su hannu bibbiyu, har ta kai a farkon ƙarni na 20 wannan ƙaramar ƙasa tana sahun gaba a duniya wajen fitar da koko. An soke bauta a takarda, amma aka ci gaba da kwaso ma'aikata daga Angola da Mozambik da Cape Verde da sunan kwantiragi, da yawansu kuma ba su sake ganin gida ba. Abin ya yi muni har a 1909 wasu kamfanonin cakulan na Ingila, ciki har da Cadbury, suka daina sayen kokon tsibirin.

A gonar Agostinho Neto, wadda a da ake kira Rio do Ouro kafin a sa mata sunan shugaban Angola na farko, wata shimfiɗaɗɗiyar hanya ta dutse ta miƙe zuwa wani katafaren ginin asibiti da ke kan tudu. Ginin ya lalace, rufinsa ya zube a wurare da dama, amma jerin ɗakunan ma'aikata da ke gefen hanyar cike suke da mutane, jikokin waɗancan ma'aikata, ga shanya a kan igiya, ga yara suna buga ƙwallo a farfajiya. Wannan ne ya sa nake jan hankalin duk mai zuwa da ya tuna cewa gidan mutane ya shiga. Ya yi gaisuwa, ya nemi izini kafin ya ɗaga kyamara, ya kuma ɗauki ɗaya daga samarin wurin ya zagaya da shi ya biya shi hakkinsa. Na ga wasu baƙi suna leƙa ɗakunan mutane suna ɗaukar hoto ba ko sallama, abin ya ɓata mini rai ƙwarai. A Monte Cafe, gonar gahawa da aka kafa a 1858, akwai ɗan gidan tarihi da ke nuna yadda ake sarrafa gahawa tun daga tsinka har zuwa suya. A wata gonar koko kuma wani manomi ya fasa mini ƙwallo guda da adda, na tsotsi farin naman da ke jikin 'ya'yan, mai zaƙi da ɗan tsami, sannan ya nuna mini akwatunan katako inda ake rufe 'ya'yan na wasu kwanaki su ruɓa kafin a shanya su, matakin da ke fito da ƙamshin cakulan.

Wanda ya ga gonakin ya kamata ya ƙarasa da ganuwar Sao Sebastiao a babban birni, wadda aka gina a 1575, yanzu kuma ita ce gidan tarihin ƙasa. A can ake ba da labarin kisan kiyashin Batepa na watan Fabrairun 1953, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ƙarƙashin gwamna Carlos Gorgulho ta hallaka ɗaruruwan 'yan ƙasa a rikicin da ya samo asali daga yunƙurin tilasta musu aikin gona. Ƙasar ta sami 'yanci ranar 12 ga Yuli, 1975.

Tafiyar kudu tana bukatar yini cikakke, kuma a nan na koyi cewa ba a auna nisa da kilomita a tsibirin nan. Daga babban birni zuwa Porto Alegre bai kai kilomita 80 ba, amma hanyar tana da kwana-kwana da ramuka, musamman bayan garin Sao Joao dos Angolares. A kan hanya ana tsayawa a Boca do Inferno, inda igiyar ruwa ke kutsawa ta wani matsattsen kwari na baƙin dutse ta yi tsiri sama da ƙara, kuma duwatsun gefen suna da santsi, don haka daga nesa na tsaya. Can gaba, bayan gonakin kwakwar manja, Pico Cao Grande yake tsaye, tsinin dutse mai tsayin mita 663 daga matakin teku. Narkakken dutse ne da ya daskare a cikin maƙogwaron dutsen mai aman wuta, ruwan sama ya zaizaye abin da ke kewaye da shi ya bar shi shi kaɗai. Gajimare kan rufe kansa mafi yawan lokaci. Direbana ya kashe mota ya ce mu jira, muka jira, sai ga shi ya bayyana na ɗan lokaci kafin ya sake ɓacewa.

Daga ƙarshen kudu ana shiga kwale-kwale mai inji zuwa ƙaramin tsibirin Rolas, inda layin da ya raba duniya arewa da kudu ya ratsa, kamar yadda awon da Gago Coutinho, wani hafsan sojan ruwa na Fotugal, ya yi tsakanin 1915 da 1918 ya tabbatar. Akwai ginshiƙi a kan tudu da taswirar duniya shimfiɗe a ƙasa. Wurin ya cancanci zuwa, amma kada kowa ya shiga jirgin sai an ba shi rigar da ke hana nutsewa. Abin da ya fi taɓa ni a kudu shi ne daren da na kwana a gaɓar Jale, inda kunkurun teku ke fitowa su yi ƙwai daga wajajen Nuwamba zuwa Maris. Masu gadin gaɓar ba sa barin a haska farar fitila, sai ja, kuma a bayan kunkurun ake tsayawa. Na ga uwa guda tana haƙa rami da ƙafafunta na baya, tana kwasar yashi da ɗaya tana ajiyewa sannan ta sa ɗayar, a natse, har ramin ya yi zurfi. A da ana yanka su ana sayar da naman a kasuwa, sai dokar 2014 ta haramta hakan, kuma kuɗin da baƙo ke biya yana taimaka wa aikin gadin.

Arewacin tsibirin wata duniya ce dabam. Duwatsu suna tare iskar da ke ɗauko ruwa daga kudu maso yamma, shi ya sa a kudu maso yamman ake samun ruwan sama fiye da milimita 5,000 a shekara, arewa kuwa kusan 1,000 kawai. A Lagoa Azul na tarar da busasshiyar ciyawa da itatuwan kuka a bakin teku, ruwan kuma garau yake, ya dace da mai son iyo.

Game da abinci, kifi ya wadata, kuma calulu, miyar bandar kifi da ganyaye da kuɓewa da manja, ta fi komai daɗi a bakina. Musulmi ya riƙa tambaya kafin ya ci, domin ana amfani da naman alade a gidajen abinci da yawa. Harshen Fotugal ake yi, masu jin Turanci ba su da yawa, kuma na tafi da yuro a hannu saboda an ɗaure kuɗin ƙasar, dobra, da ita a kan dobra 24.5 kowace yuro ɗaya. Akwai zazzaɓin cizon sauro, don haka gidan sauro da maganin rigakafi wajibi ne. Mai son hawan Pico de Sao Tome, ƙololuwar tsibirin mai tsayin mita 2,024, ya zo tsakanin Yuni da Satumba lokacin rani, ya ware kwana biyu da tanti da ɗan jagora, amma ya sani cewa a watannin nan ba zai tarar da kunkuru suna ƙwai ba.