Ruwan da Injin Tacewa Yake Zubarwa

Ruwan burtsatsen gidanmu a Kano yana da ɗan zartsi, shi ya sa na sayi injin tace ruwa irin wanda ake kira RO, aka kafa shi a bangon kicin. Na yi wata biyu ban kula da siririn tiyon da ke fita ta bayansa zuwa kwata ba, sai da uwargida ta ce, "Maigida, wannan abin naka fa barnarsa ta fi aikinsa."

Na sa bokiti na auna. Kafin gorar lita 1 ta cika da ruwan sha, kusan lita 3 sun taru a bokitin. Haka injin yake: yana matsa ruwa ta cikin wata fata mai matsattsun ƙofofi, mai kyau ya wuce, saura ya kwashe gishirin ya fita. Da na tsoma ɗan abin awon gishiri, na burtsatse ya nuna 420, na sha 30, wanda ake zubarwa 550. Ashe ba ƙazanta ba ce, ruwanmu ne dai da gishirinsa ya ƙaru. Ga maƙwabta na sayen jarka a hannun 'yan ga-ruwa, ni kuma ina shayar da kwata.

Dabarata ta farko ita ta ci min kuɗi. Na ƙara tsawon tiyon na haura da shi wani ƙaramin tanki a saman banɗaki, ina ganin na yi wayo. Tiyon ya lanƙwashe a kusurwa ban sani ba, ga kuma hawa. Ruwan ya rasa hanyar fita yadda ya kamata, gishiri ya daskare a jikin fatar, cikin 'yan makonni ruwan sha ya koma ɗiga-ɗiga, zartsin ma ya dawo. Sai da na sayi sabuwar fata.

Mai gyaran famfo da ya zo ya kalli aikin ya yi dariya, ya ce, "Alhaji, wannan ruwan gangara yake so, ba a tura shi sama." Muka ɗora durom mai lita 200 a kan bulo a bayan kicin, ƙasa da injin amma sama da tankin masai. Bakin tiyon muka bar shi yana rataye, bai taɓa ruwa ba, don kada ya zuƙo na durom ya koma ciki. Muka huda gefe kusa da baki, in ya cika ya malala kwata. Daga gindi fayif ɗaya ya tafi masai, ɗaya kuma famfo a tsakar gida. Layinsa daban, bai haɗu da na gida ko'ina ba, kuma murfi a rufe ruf saboda sauro.

Tankin masai yana cika a hankali, mun saba. Da ruwan durom ɗin ake goge ɗaki da wanke tsakar gida. Mota kam na daina, yana barin farin tabo a gilashi in ya bushe. Alayyafon uwargida ma bai ji daɗinsa ba, gefen ganyen ya ƙone, ƙasar tukunyar ta yi fari kamar an barbaɗa kanwa. Har yau tana min gorin wannan alayyafo. Famfon tsakar gidan dai na shafa masa jan fenti, tun ranar da na kama autana da kofi a ƙarƙashinsa.